Idona ya yi ja, amma idan na cire gilashin ba na gani

Wata ɗaliba mai shekara 24 ta rubuto mini, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce shekara huɗu da suka wuce likitan ido ya gano tana da larurar da ake kira keratokonas, wadda take sa tantanin gaban ido ya sirance ya yi tsini, kuma tabarau ya daina yi mata amfani, ko an canja shi ba ta iya karanta rubutun allo. Wata takwas da suka wuce aka auna mata gilashin da ake manna wa ido, irin mai taurin nan mai faɗi wanda gefensa yake zama a kan farin ido, kuma da shi ganinta ya dawo garau. Tana sa shi tun daga wayewar gari har tsakar dare, sau uku barci ya kwashe ta da shi a ido, kuma da ruwan wankinsa ya ƙare ta yi kwana biyu tana ɗauraye shi da ruwan famfo. Yanzu kwana uku ke nan idonta na hagu ya yi ja, yana zubar da hawaye, haske yana damunsa. Jarrabawa ta rage mata mako biyu, mahaifiyarta kuma ta ce ta jefar da gilashin tun bai makantar da ita ba. Tambayarta ita ce: ta daure ta ci gaba da sa shi har ta gama jarrabawa, ko ta haƙura da shi baki ɗaya?

Ƙanwata, zan fara da abin da ba ya jira. Ki cire gilashin daga idanuwanki biyu yanzu, kuma ki je wurin likitan ido yau ɗin nan, idan dare ya riga ya yi to gobe da sassafe. Idon da ya yi ja, yana hawaye, yana gudun haske, a wurin mai sa gilashin mannawa ana ɗaukarsa a matsayin ciwon da ƙwayar cuta ta kawo har sai likita ya duba ya tabbatar ba haka ba ne. Kada ki jefar da gilashin ko ɗan akwatin da kike ajiye shi, ki tafi da su yadda suke, domin a wasu lokuta daga jikinsu ake gano irin ƙwayar da ta shiga idon. Kada ki ɗaure idon da bandeji, kada kuma ki ɗiga wani maganin da wani ya ba ki ko wanda ya yi saura daga wata jinyar, musamman mai sinadarin sitiroyid, saboda irinsa yana kwantar da ja da zafi na ɗan lokaci alhali yana ba ƙwayar cutar damar yin ƙarfi. Idan kin zauna gaban likita, ki faɗa masa batun ruwan famfo da batun barci da bakinki tun kafin ya tambaya. Na san da kunya, amma wannan bayanin yana iya canja irin gwajin da zai yi da maganin da zai fara ba ki.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin yadda aka halicci ɓangaren idon da larurarki ta shafa. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai kama da murfin agogo, likitoci suna kiransa koniya. Kaurinsa a tsakiya ya ɗan ɗara rabin milimita kawai, amma shi yake yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Ba shi da jijiyoyin jini, don haka iskar oksijin da yake rayuwa da ita mafi yawanta daga iska yake samu ta hanyar hawaye. A keratokonas wannan tantani yana sirancewa, sai matsin da ke cikin ido ya turo shi waje ya yi tsini kamar bakin mazurari, shi ya sa fitila ɗaya take zama uku ko huɗu, rubutu kuma yake yin inuwa. Tabarau ba ya iya gyara wannan idan abin ya yi nisa, domin karkatar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Gilashi mai tauri kuwa yana shimfiɗa sabuwar fuska mai santsi a gaban idon, ruwan da ke tsakaninsa da koniya ya cike lungunan. Dabarar tsohuwa ce, tun a 1888 Adolf Fick a birnin Zurich da Eugène Kalt a birnin Paris suka fara gwada irin wannan da gilashin gaske, kuma masu irin larurarki suna cikin waɗanda aka fara yi wa. Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne koniyarki ta fi ta sauran mutane siranta, kuma gyambo idan ya warke a kanta yana barin hakiya. Idan hakiyar ta zauna a tsakiya, to ko gilashin da kike dogara da shi ba zai dawo da ganin yadda yake ba.

A ganina babban haɗarin da ke kan mai keratokonas ba ya cikin gilashin kansa, yana cikin rashin madadinsa. Wanda yake sa gilashin mannawa don gajeren gani na yau da kullum, idan ya ji idonsa ya yi wani iri sai ya cire, ya ɗauki tabaransa, ya ci gaba da harkarsa. Ke kuwa idan kin cire, duniya ta koma hazo, ba karatu, ba gane fuskar mai sallama daga nesa. Saboda haka zuciyarki za ta riƙa kawo miki dalilai masu kyau na ƙara awa ɗaya, na daurewa zuwa gobe, na jira har bayan jarrabawa, kuma kowane dalili zai yi kama da hankali a lokacinsa. Ban ga laifinki ba a kan wannan, duk wanda ya san daɗin gani bayan ya rasa shi zai yi yadda kika yi. Amma akwai wata bakteriya da ake kira sudomonas, mai son wuri mai danshi, wadda take iya cinye koniya cikin kwana ɗaya ko biyu. Mako biyun da kike lissafi ya yi mata yawa.

Batun ruwan famfo shi ya fi tsaya mini a rai. Ruwan da yake da kyau a sha ba lalle ne ya dace da ido mai gilashi ba, saboda akwai wata ƙaramar halitta da ake kira akantamiba wadda take rayuwa a ruwan famfo, da na tanki, da na rijiya, da tafkin ninƙaya, har da ƙasa. Ciki ba ya damuwa da ita, amma idan ta maƙale tsakanin gilashi da koniyar da ta ɗan kurje, sai ta huda ta shiga. Ciwon da take kawowa ba kasafai ake samunsa ba, sai dai mafi yawan waɗanda yake kamawa masu sa gilashin mannawa ne, a Amurka an ƙiyasta kusan kashi 85 cikin 100. Idan magani ya taɓa ta takan naɗe kanta cikin wani ɓawo mai tauri ta yi lamo, shi ya sa jinyarta take ɗaukar watanni, kuma a farkonta ana ɗiga magani kowace awa, dare da rana. A kwanakin farko takan yi kama da wasu cututtukan ido har a ɗauke ta da wani abu dabam, kuma alamarta sau da yawa zafi ne da ya fi ƙarfin abin da ake gani a idon. Wannan ne dalilin da na ce ki faɗi batun ruwan da kanki. A da akwai masu cewa gilashi mai tauri ba ya shan ruwa kamar mai laushi, don haka ba laifi a ɗauraye shi a famfo, kuma har yanzu za ki iya jin wannan a bakin waɗanda suka daɗe suna sawa. An bar wannan shawarar. Ruwa kada ya taɓa gilashin, kada ya taɓa akwatinsa, kada kuma ki yi wanka ko ninƙaya da shi a ido. Idan kin wanke hannu da sabulu, ki tsane shi sarai da tawul mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, domin jiƙaƙƙen yatsa ma hanya ce.

Barci da gilashi kuma, ko da na rana ne, yana ninka haɗarin kamuwa da ciwo sau shida zuwa takwas, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana. Idan fatar ido ta rufe, iskar da koniya take samu ta riga ta ragu sosai, sai gilashin ya ƙara tare abin da ya rage, ga ɗumi ga danshi, ga hawaye ba sa wanke komai. Tunda barcin yana sace ki ne a kan littafi, ki sa wa wayarki ƙararrawa a wata sa'a tsayayya da dare, idan ta buga ki tashi ki cire ko da kina tsakiyar shafi.

Yanzu ga shawarar mahaifiyarki. Tsoronta yana da tushe, kuma a yau ita ce mai gaskiya, gilashin ya kamata ya fita daga idon. Amma jefar da shi baki ɗaya gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin ga mai keratokonas da ya yi nisa abin da ya rage bayan gilashi shi ne zama cikin dishi-dishi ko dashen koniya, aikin da yake da tasa doguwar jinyar, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa suna komawa ga gilashin bayan sun warke. Irin wanda aka ba ki ma yana da wata fa'ida, tunda ba ya taɓa tsinin koniya, yana tsallake ta ne kamar rumfa ya sauka a kan farin ido, inda jijiyoyin jin zafi ba su da yawa. Mutane da dama sun yi shekaru masu yawa da shi lafiya. Idan zai yiwu ki tafi da mahaifiyarki wurin likita ta ji bayanin da kunnenta, domin wanda yake gida tare da ke shi zai fi kowa tuna miki lokacin cirewa.

Idan likita ya ba ki izinin komawa, kuma shi kaɗai zai faɗi ranar, ina so ki koma kamar wadda take farawa. Ki tambaye shi ko tsohon gilashin zai tsabtatu ko sai an sake wani, akwatin kuwa sabo za ki ɗauka. Ki shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, ki kwantar da madubi a kansa, kada ki tsaya a kan wurin wanke hannu inda ruwa yake fantsama. Ki ɗora gilashin a kan ɗan robar da ake riƙe shi da ita, ki cika kwarinsa da ruwan gishirin asibiti har ruwan ya yi tozo a sama kamar zai zube. Sannan ki sunkuya har fuskarki ta kalli tebur sosai, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, ki riƙe fatar ido ta sama da ta ƙasa daga gindin gashin ido, ki kai gilashin a hankali har ki ji sanyin ruwan, sannan ki danna kaɗan ki saki fatar. Daga nan ki haska fitilar waya ta gefe ki duba madubi. Idan kin ga kumfa ko da ƙarama ce, ki cire ki sake, saboda wurin da kumfar ta zauna yana bushewa kuma ganin ba zai yi kyau ba. Wajen cirewa, ki manna robar cirewar kusa da gefen gilashin na ƙasa, ba a tsakiya ba, don iska ta shiga ta gefe ya saki. Jan sa daga tsakiya yana jan idon ne gaba ɗaya.

Ruwan da kike cika shi da shi yana zaune a kan koniyarki tsawon yini ba ya sauyawa sosai, don haka dole ya zama ruwan gishiri tsarkakakke wanda babu sinadarin hana lalacewa a cikinsa, kuma mafi aminci shi ne na ƙananan robobin nan da ake fasawa a yi amfani sau ɗaya a yar. Ruwan wanke gilashi dabam ne, ba a cika gilashi da shi. Ruwan gishirin da aka haɗa a gida kuwa, komai tafasa shi da aka yi, yana cikin abubuwan da aka daɗe da sanin suna kawo akantamiba. Miyau ba ya cikin lissafi ko kaɗan, ko da gilashin ya faɗi a hanya ne.

Da dare ki zuba 'yan ɗigon ruwan wankin a tafin hannu, ki murza gilashin ciki da waje da ɗan yatsa, ki ɗauraye shi da ruwan gishirin, sannan ki jiƙa shi a sabon ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Kada ki ƙara sabo a kan na jiya don tattali, a zubar da tsohon gaba ɗaya. Idan irin mai haidurojin feroksaid aka ba ki, wanda ƙarfinsa kashi 3 cikin 100 ne, za ki ga bakin kwalbarsa ja ne, kuma akwatinsa yana da wani faifai a ƙasa wanda da zarar ruwan ya taɓa shi sai ƙananan kumfa su fara tasowa kamar ana tafasa. Wannan faifan ne yake mayar da sinadarin ya zama ruwa mara ƙuna, kuma yana buƙatar aƙalla awa shida. Wanda ya yi gaggawa ya sa gilashin kafin lokacin, ko ya ɗiga ruwan kai tsaye a ido, zai ji ƙunar da ba zai manta ba. Da safe ki ɗauraye akwatin da ruwan wankin, ki bar shi a buɗe ya bushe a wuri mai tsabta nesa da banɗaki, kuma ki canja shi duk wata uku ko yadda takardar ruwan ta ce. Ki riƙa ajiye kwalba ɗaya ta ko-ta-kwana, ranar da kika buɗe ta ki nemo wata, domin matsalarki ta faro ne daga ranar da ruwa ya ƙare babu wani a ajiye.

Tsawon lokacin sawa likita ne zai yanke miki bayan ya duba yadda koniyar take bayan awanni da gilashi a kanta, amma daga asuba zuwa tsakar dare ya yi yawa ga yawancin idanu. Idan gani ya fara yin hazo da rana, ki cire, ki ɗauraye, ki sake cikawa da sabon ruwa. Idan kuma bayan kin cire kina ganin bakan gizo kewaye da fitila, ko zoben da gefen gilashin ya bari a farin ido ya yi ja ya daɗe bai baje ba, to alama ce koniyar tana kumbura ko gilashin ya matse, kuma gyaran awo yake buƙata. Keratokonas yana sauya siffar ido a hankali, gilashin da ya zauna daidai bara yana iya fara gogar tsinin bana ba tare da kin ji ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan bar shi ba. Gilashi yana gyara gani ne kawai, ba ya tsayar da larurar. Keratokonas yakan fara ne a shekarun balaga ya ci gaba har wajen shekara 30 zuwa 40 kafin ya lafa, kuma a shekarunki yana iya kasancewa yana tafiya a ɓoye a bayan gilashin da yake ba ki gani mai kyau. Ki tambayi likita yaushe aka yi miki hoton taswirar koniya na ƙarshe, kuma ko an kwatanta shi da na baya. Idan tsinin yana ƙaruwa, akwai aikin ƙarfafa koniya da aka ƙirƙiro a birnin Dresden na Jamus, aka wallafa sakamakonsa na farko a 2003, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 2016. Ana jiƙa koniyar da ɗigon bitamin B2, sannan a haska mata wani haske na musamman, sai zaruruwan da ke cikinta su ƙara sarƙewa ta yi ƙwari. Ba ya mayar da ido yadda yake a da, amma a mafi yawan mutane yana tsayar da lalacewar inda ta kai. A tsarinsa na asali ana so kaurin koniyar ya kai milimita 0.4, wato idan aka yi jinkiri har ta sirance fiye da haka aikin yana ƙara wuya. Idan kuma wani ya yi miki tallar aikin leza na raba mutum da tabarau, irin wanda ake kira LASIK, ki sani ba a yi wa mai keratokonas shi, domin yana ƙara rage kaurin abin da ya riga ya sirance.

Sai murza ido. Alaƙarsa da ci gaban wannan larura tana da ƙarfi ƙwarai, kuma mafi munin lokacinsa shi ne daidai bayan an cire gilashi da dare, lokacin da ido yake ƙaiƙayi mutum ya sa bayan yatsu ya murje shi yana jin daɗi. Ki lura da kanki a wannan minti ɗin. Idan ƙaiƙayin ya taso, ki ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, ko ki ɗiga hawayen kwalba mara sinadarin hana lalacewa, kuma idan yana yawan dawowa ki nemi likita ya ba ki maganin borin ido, tunda da yawa daga masu keratokonas suna da irin wannan borin jikin. Ki duba ma yadda kike kwanciya, ko kina danne ido da hannu ko matashi. Tunda larurar tana bin jini a wasu gidaje, idan kina da ƙanne da suke yawan canja tabarau ko murza ido, ya kyautu a duba su.

Wani abu kuma da yake da kyau ki san labarinsa tun kafin ki gamu da shi: wani lokaci tantanin cikin koniya yakan tsage, ruwa ya shige ta, sai a wayi gari baƙin ido ya yi fari-fari, gani ya faɗi farat ɗaya. Abin yana da ban tsoro, amma yakan lafa cikin 'yan watanni tare da kulawar likita, kuma ba a sa gilashi a wannan idon har sai ya lafa.

Game da jarrabawa, ki nemi likita ya rubuta miki takarda da ke bayyana cewa ganinki ya dogara ne da gilashin da aka hana ki sawa na wani lokaci, ki kai wa hukumar makarantarku tun yanzu, ki roƙi a buga miki tambayoyi da manyan haruffa, ko a ƙara miki lokaci, ko a ɗage miki. Ki tambaye shi kuma ko za ki iya sa gilashin a idon dama kaɗai idan ya duba ya ga lafiyarsa lau, da sabon akwati da sabon ruwa. Kafin nan, ki ƙara girman rubutu a waya ko kwamfuta, ki kusanto da shi, ki sa manhajar karanta rubutu da murya ta karanta miki, ko wata abokiyar karatu ta riƙa karantawa kina saurare. Idan idon ya warke, ki sa a auna miki tabarau mafi kyau da za a iya samu ko da rabin gani zai ba ki, ki ajiye shi tare da akwatin gilashin a jakar da kike fita da ita, domin ranar da idon ya sake yin wani iri a tsakiyar aji ki sami abin da za ki sa ki kai kanki asibiti.